Babban Yatsan Ekambaram

Ranar da aka ɗauko yayana Ekambaram daga filin gini, ƙurar dutse tana nan fari fat a gashin girarsa. Da safe ya fita da ƙafarsa, ya sha kofinsa a tsaye yana yi mini mitar na cika sukari, da hantsi zuciya ta buga. Ni na share masa ƙurar nan da gefen zanena. Tokar gawarsa da muka ƙona bisa al'adarmu kuwa ba ta gama hucewa ba 'ya'yansa biyu suka fara yi wa juna haushi a kan sanda.

Kada ku zaci wata sanda ce ta a zo a gani. Baƙar itace ce, daga ƙasa ta kai mini ƙugu, an rufe kawunanta biyu da tagulla. Sai dai da ita kakanmu ya auna duk abin da ya gina, da ita babanmu ya yi, da ita Ekambaram ya yi awo shekara arba'in. A gidanmu na masassaƙan dutse ba a auna ɗakin Ubangiji, wato haikali, da tef ɗin injiniya, da sanda ake yi. Kuma yayana bai taɓa barin hannun kowa ya kai kanta ba, har 'ya'yan cikinsa. In zai yi awo sai ya durƙusa, ya kwantar da ita, ya ɗora babban yatsansa a inda ta ƙare, sannan ya ɗaga ta ya sake kwantarwa daga bayan yatsan. Sokkalingam, babban ɗansa, ya taɓa tambayar dalili yana ɗan shekara goma sha biyu, ya sha mari. "Ido ke koyon aiki, ba baki ba." Karatun gidanmu ke nan gaba ɗaya.

Aikin da ya mutu ya bari ba ƙarami ba ne. Meyyappan mai injinan casar shinkafa ya yi wa Murugan, abin bautarmu, alwashin gina masa haikali lokacin da 'yarsa ta tashi daga doguwar jinya, ya haɗa kwamiti, suka yanki eka talatin a gindin dutsen garinmu. Hasumiyar ƙofa mai hawa bakwai, tafkin wanka, masaukin baƙi, ɗakin ciyar da masu ziyara, sai zaure mai ginshiƙi ɗari a gaban ɗakin ciki. Ekambaram ya gama ɗakin cikin. Ya sassaƙa siffar Murugan da hannunsa, wata tara yana yi, da mashinsa da ɗawisunsa, komai ya fito sai idanu. Idanu ba a buɗe su sai ranar ƙarshe, a bayan labule, da allurar zinariya, kuma babban magini ne ke yi. Wanda ya buɗe su, haikalin nasa ne a bakin mutane har jikokin jikoki. Abin da yaran nan biyu ke so ke nan. Na ce yara, ga su da furfura a gemu, amma ni na raine su tun da uwarsu ta rasu, idona ba ya ganin girmansu.

Rana ta goma sha shida, an gama ciyar da 'yan makoki, ana kwashe ganyen ayabar da aka ci abinci a kai, Sokkalingam ya miƙa hannu ya sauke sandar daga bango.

"Mayar da ita, Anna," in ji ƙanensa Nallatambi. A bakinmu Anna shi ne yaya, Appa kuma uba.

"In mayar wa wa? Gizo-gizo?"

"Shekara takwas kana birni kana zana duwatsu a takarda. Wa ke wasa wa Appa ƙarfe? Wa ke shafa masa mai a gwiwa?"

"Ai shi ya sa. Ka ƙware a shafa mai. Je ka buɗe shagon tausa, Tambi, ka bar awo ga masu kai."

"Kan da aka cusa wa takarda kamar matashi?"

"Gara shi da na aku. Har tarin Appa ka kwaikwaya. Jiya na ji ka a bayan gida, na zaci tsohon ne ya dawo."

Na ce, "Ku ji kunyar fitilar da ke ci a gaban hotonsa mana." Ko kallo ban ishe su ba. Sokkalingam ya saɓa sanda ya fice. Tun daga ranar Nallatambi bai ƙara ce masa Anna ba, sai dai "mutumin can".

Meyyappan ɗan kasuwa ne, ya saba haɗa dillalan shinkafa biyu gasa ya kwashi riba a tsakani. Ya kira su ofishinsa, ya ba kowa kwafin zanen ubansu. "Ginshiƙi hamsin na arewa naka, hamsin na kudu naka. Ga shi a rubuce, tsawon kowanne sanda shida. Wanda aikinsa ya fi, shi zai buɗe idanu." Shi a ganinsa ya kashe wuta.

Nallatambi ba shi da sanda, amma ba shi da niyyar roƙo. A tsohon haikalin bakin kogi akwai wani tsagi a jikin bango, inda kakannin kakanninmu suka sassaƙa tsawon sandar gidanmu don kada ya ɓace. Can ya je da sabon itace, ya yanke shi daidai da tsagin, ya dawo yana taƙama.

Suka kafa rumfunan ganyen kwakwa, ɗaya a wannan gefen titi, ɗaya a wancan. Shekara uku garinmu bai ji komai ba sai ƙarar guduma, kamar ana gardama da ƙarfe. Ni ce mai kai abincin rana, shinkafa da miyar tsamiya da kindirmo, kwano biyu iri ɗaya, don na san halinsu. Attai suke ce mini, wato gwaggo.

"Attai, wa kika fara kai wa?"

"Wanda ya fi kusa da inuwa."

"Attai, mutumin can ginshiƙi nawa ya kai?"

"Ni shinkafa nake kawowa, ba labari ba."

Har ma'aikatansu suka ɗauka. Na arewa ba sa shan shayi a shagon da na kudu ke sha. Sokkalingam ya sassaƙa aku a jikin wani ginshiƙi, ya yi masa hancin ƙanensa, duk wanda ya gani ya gane. Da labari ya tsallaka titi, Nallatambi ya sassaƙa biri rungume da sanda, yana hararar duniya. Gari ya yi ta dariya. Ni ban yi ba, saboda birin nan da sandar nan, kuma za ku ji dalili.

Da aka zaɓi ranar tsayar da ginshiƙin farko, kwana biyu kafin nan manyan motoci suka kwaso duwatsun zuwa filin. Aka zuba yashi, aka kwantar da na arewa ɗaya, aka kwantar da na kudu ɗaya a gefensa, gindi da gindi. Ina tsaye can nesa a gindin tsamiya da kwanonina, don mace mai farin zane, wadda miji ya mutu ya bari, ba ta kusantar wurin da za a yi abin albarka. Daga nan ɗin ma na gani. Kan ginshiƙin Nallatambi ya zarce na yayansa da taƙi guda har da ɗoriya.

Meyyappan ya zaga duwatsun sau biyu, yana share gumi da ɗan tawul ɗin kafaɗarsa.

"To, masu gida. Rufin zai karkace ne, ko Murugan zai riƙa shiga da sunkuyo ta gefe ɗaya?"

"Yallaɓai, tambayi mai sandar roba," in ji Sokkalingam.

"Tambayi wanda ya saci sanda bai saci ilimin ba," in ji Nallatambi.

Injiniyan kwamiti, wani matashi mai hular kwano, ya zaro tef ɗinsa ya ce bari ya duba. Su biyun suka daka masa tsawa baki ɗaya, karon farko da suka haɗu a kan abu ɗaya cikin shekara uku. Ya mayar da tef aljihu.

"Kowa ya auna nasa a gabanmu," in ji Meyyappan. "Wanda nasa ya kauce, ya kwashe gudumominsa yau ɗin nan. Ba idanu ba, ko dutsen dakali ba zai ƙara taɓawa a filin nan ba."

Nallatambi ya fara. Ya durƙusa kamar ubansa, har da ɗan nishin, ya kwantar da sabuwar sandarsa, ya ɗora babban yatsa, ya ɗaga, ya kwantar daga bayan yatsan. Sau shida, cif.

Sokkalingam ya zo da baƙar sandar. Ya kwantar, ya zaro alli daga bayan kunne, ya ja siririn layi a inda ta ƙare, ya ɗaga, ya kwantar a kan layin. Sau shida, cif. Ba yatsa.

Nan take na gane. Sai da na ajiye kwanonin a ƙasa.

Ga abin da ya faru shekara arba'in da suka wuce. Ina da shekara ashirin mijina ya rasu, danginsa suka ce ƙafata ce ba ta da kyau, na dawo gidan yayana da akwati ɗaya. Wata rana na shanya tsamiya a tsakar gida, wani ƙaton biri ya sauko yana ɗiba da hannu biyu. Na waiga ban ga komai ba sai sandar a bango. Na fizgo ta, na kai duka, biri ya goce, sanda ta sauka a kan dutsen niƙa. Kanta ɗaya ya tsage, tagullar ta yi tsalle ta faɗa cikin kwata. A lokacin nan, da an ji cewa mai farin zane ta taɓa sandar kakanni, har ta fasa ta, ba gidan da zai ƙara ba ni ruwan sha a garin. Ekambaram ya shigo ya same ni zaune a ƙasa da ita a cinya. Ya ɗauko zarto, ya yanke wurin da ya tsage, ya gwada guntun a yatsansa, faɗinsu ɗaya. Ya tsamo tagullar ya mayar. Sannan ya ce, "Ponnammal, tashi ki kwashe tsamiyarki. Yatsana zai cike. Kada in ji a bakin kowa." Tun daga ranar bai ƙara barin wani ya riƙe ta ba.

Ni kuma, a wautata, duk shekarun nan na ɗauka ya gaya wa yaran. Ban taɓa ganin Sokkalingam yana awo ba, awo da sassafe ake yi, bayan wanka da addu'a, ni kuwa sai rana ta take nake zuwa.

'Yan kwamiti suka haɗa kai suna ƙus-ƙus. Ba su daɗe ba.

"Magana a fili take," in ji Meyyappan. "Sandar marigayi tana hannun babba. Kai Nallatambi, ka yanko itace a daji, ka ƙara da yatsa, ka ɓata mana dutse hamsin. Tattara."

Sokkalingam ya yi murmushi. "Kada ka damu, Tambi. Ina neman mai share ƙura a rumfata."

Nallatambi ya sunkuya ya ɗauki guduma, kuma ba don ya tafi da ita gida ba. Na ga ma'aikata suna matsowa daga ɓangarorin biyu, kowa da abin da ke hannunsa. Ban san sa'ad da na taka yashin ba.

"Attai, koma!" in ji Sokkalingam. "Jibi za a tsayar da ginshiƙi a nan."

"Na san abin da nake. Na fi ka sani. Kai kuma Nallatambi, ajiye gudumar nan, kafin in karɓa in ƙwala maka."

Na faɗa musu duka. Birin, dutsen niƙa, zarton. Ban tsallake komai ba. Wani tsoho a cikin kwamitin ya tofa yawu a gefe. Wani ya ce, "Ya Murugan! Shekara arba'in ana auna ɗakunan Ubangiji da abin da ta taɓa?"

"Ƙarya ce," in ji Sokkalingam. Fuskarsa ta yi kamar toka. "Tun muna yara shi kike ƙara wa man shanu a shinkafa. Nawa ya ba ki?"

Na ce, "Ɗauko ta mu je bakin kogi."

Muka ɗunguma, filin gaba ɗaya, cikin rana tsaka, 'yan kwamiti da laimominsu, ma'aikata a baya suna jifan juna da baƙar magana. A tsohon haikalin, Sokkalingam ya sa baƙar sandar a cikin tsagin bango da hannunsa. Ta shige, ta bar gurbi a ƙarshe. Ya daɗe yana kallon gurbin. Ba wanda ya ce masa ya gwada, shi da kansa ya ɗaga babban yatsansa ya sa. Yatsan ya zauna a ciki.

Nallatambi ya fashe da dariya, har da dukan cinya. "Mai takarda! Mai kai! Shekara uku kana rungume da guntun sanda kamar biri! Ai na sassaƙa ka tun ba ka sani ba!"

"Rufe bakin nan," na ce masa. "Taka sandar cikakkiya ce, daga tsagin nan ka yanke ta. To yatsan na mene ne?"

Dariyar ta tsaya.

"Appa haka yake yi."

"Appa faci yake yi wa ɓarnata. Kai kuma ka ɗauki faci ka ɗinka a sabuwar riga. Na yayanka sun gaza da yatsa shida, naka sun zarce da yatsa shida. Ba wanda ya yi daidai a cikinku. In kuna musu, ku je ku gwada da bangon ɗakin ciki da ubanku ya gina, inda duwatsun rufi za su hau."

An je an gwada. Tsawon bangon a tsakiyar su biyun ya faɗo.

Da labari irin na yara ne, da a nan za su rungume juna su yi kuka. Dutse ba ya tafiya haka. Wanda ya yi tsawo ana iya rage masa gindi, aikin wata biyu ne. Wanda ya gaza kuwa ya gaza, ginshiƙin zauren Ubangiji ba a yi masa ƙari, dutse ɗaya ne daga ƙasa har sama. Meyyappan bai ɓata lokaci ba. Na Nallatambi za a rage, sauran hamsin ɗin ma shi zai sake sassaƙawa, idanu nasa ne. Na Sokkalingam, shekara uku na dawakai da 'yan rawa da furannin da ya fitar a jikinsu kamar za su yi ƙamshi, aka ce a kai su ɗakin ciyar da baƙi, tunda rufinsa bai kai wancan tsawo ba.

Da yamma Sokkalingam ya zo ƙofar gida. Bai shigo ba.

"Shekara arba'in kina cin shinkafar gidan nan da wannan a cikinki."

"Na zaci ubanka ya gaya maka."

"Ranar da na sauke ta daga bango kina tsaye. Kalma ɗaya, Attai. Kalma ɗaya."

"Na ji tsoro ne, ɗana, ban ma so a ambaci sandar ba."

"Ni ba ɗanki ba ne. Appa ya zaɓi ya rufa miki asiri ya bar ni da mari. Ki riƙe abincinki."

Kada ku ce ƙaramin ya gode mini. Ma'aikata sun sa masa suna Mai Faci, har yaran makaranta suna kira in ya wuce, kuma ni yake ɗora wa. "Da kin tsaya a kan sandarsa kawai, me zai ragu a jikinki? Sai da kika haɗa da ni a gaban jama'a?" Yana karɓar abincin dai, amma ba ya ɗaga ido.

Bayan shekara huɗu aka buɗe idanu. Garin ya cika har kan dutse, ganguna da algaitu tun asuba, giwa biyu a ƙofa. Nallatambi ya shiga bayan labule da allurar zinariya. Na tsaya a gindin tsamiyata, ban ga komai ba sai hayaƙin turare. Sokkalingam bai zo ba, an ce ya hau motar safe ya tafi garin surukansa.

Amma ɗakin ciyar da baƙin shi ya gina. Da farko ya ce ko a kan gawarsa ba zai yi ba, sai da ya ji za a ba wani ɗan kwangila daga birni ya tsayar masa da ginshiƙai, ya dawo da rumfarsa. A can ake zuba wa mutum dubu shinkafa kowace rana yanzu, kuma za ku ga baƙi sun bar loma a hannu suna kallon dawakan nan. Akun mai hancin Nallatambi yana nan a ginshiƙi na uku daga ƙofa, ya ƙi a goge shi.

Wata safiya, lokacin ana tona harsashin ɗakin, na fita da wuri neman furen da nake kai wa hoton yayana, hanya ta bi da ni ta gefen filin. Na hango shi durƙushe shi kaɗai, gashinsa jiƙe da ruwan wanka, baƙar sandar a ƙasa. Allin yana bayan kunnensa, bai taɓa shi ba. Ya ɗora babban yatsa a inda ta ƙare. Nasa ya fi na ubansa siranta, sai na ga ya danna shi da ƙarfi a kan dutsen don ya baje. Ya ɗaga sandar, ya kwantar daga bayan yatsan.

A karo na uku ya ɗago ya gan ni. Ya gyara zama ya juya mini baya, ya ci gaba da awonsa. Har yau bai ci abincina ba. Ina dai zuba kwano biyu.